CIWON SHANYEWAR ƁARIN JIKI: TA INA YAKE SHIGO MANA?

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a nan Sabo, Ibadan. Jama'a da dama sun nemi a buga shi, ga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara.)



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da limamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke saurare daga can ciki, da sauran 'yan'uwa, ina yi muku barka da yamma.

Da farko ina neman afuwa, don kowa a nan ya san ni ba likita ba ne. Iyakar karatuna Islamiyya, sai ɗan abin da na tsinta na boko a bakin rumfa, kuma sana'ata goro ce yau shekara talatin da 'yan kai. Da shugaba ya ce in tashi in yi magana a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki na so in zille, sai ya ce ai ba don ilimi ya zaɓe ni ba, don na yi jinya ne, kuma ni kaina ina cikin masu shan magani. To, ban da ta cewa.

Da yawa daga cikinku sun san maigidana, wanda ya ɗauko ni daga ƙasar Kano ina ɗan shekara goma sha tara ya koya mini wannan sana'a. Ba zan ambaci sunansa ba, amma da izinin iyalinsa nake wannan magana. Shekara biyar ke nan, wata Laraba bayan la'asar, muna tsaye ana loda huhunan goro a motar da za ta tafi Maiduguri, yana ƙirgawa yana rubutawa, sai biro ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira ni, na ga bakin ya karkace, maganar ta fito kamar ta wanda ya cika baki da tuwo. Mutumin da safiyar ranar ya yi ciniki da dillalai uku, lafiyarsa garau.

Me muka yi? Abin da kowa ya sani. Muka ɗauke shi muka kai gida. Wani ya ce iska ce ta buge shi, don wai ya bi ta gindin tsamiya da almuru. Wani ya ce sammu ne, saboda rigimar rumfa da ake yi a lokacin. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, aka riƙa ɗura masa ruwa yana ƙwarewa. Kwana uku muna haka. Ran na huɗu da numfashinsa ya fara sarƙewa muka kai shi asibiti. Tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Yana da hawan jini?" Muka ce a'a, ba mu taɓa ji ba. Sai uwargida ta sunkuyar da kai, ta zaro wata leda daga jakarta. Magungunan hawan jini ne, an rubuta masa su kusan shekara biyu da suka wuce. Ya sha na mako biyu, ya ji daidai, ya ajiye.

Likitan nan ya dube ni ya ce, "Kai ma miƙo hannunka." Aka ɗaura mini abin awo, ya nuna 170 bisa 100. Wallahi jama'a, a ranar ko kaina ba ya ciwo.

Tun daga nan na zama mai yawan tambaya. Duk ranar da na kai shi gashin ƙashi ko na je ganin likita sai na tambayi abu, har ma'aikatan suka saba da ni. Abin da na tattaro shi ne zan gaya muku.

Shi wannan ciwo, ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganinsa, ba a nan yake ba. A ƙwaƙwalwa yake. Ita ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, wato ba ta ajiye abinci, jini ne ke kai mata abin da take buƙata a kowane lokaci ta wasu hanyoyi kamar bututun ruwa. In aka yanke mata jini na 'yan mintoci, wajen da aka yanke wa sai ya fara mutuwa. Yankewar nan iri biyu ce. Ko dai hanyar ta toshe, saboda ta ƙuntata ko gudan jini ya zo ya tsaya a ciki, ko kuma hanyar ta fashe jini ya malala cikin ka. Wani abin mamaki kuma, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya damar mutum, na dama kuma shi ke juya hagu. Maigidana damarsa ce ta shanye, ashe ɓarnar a hagun kansa take, kuma a yawancin mutane can ne ma'ajiyar magana. Shi ya sa har yau ya san abin da yake so ya faɗa amma kalmar ba ta zuwa. Duk man da muka riƙa shafa masa a hannu, ba wajen ciwon muke shafawa ba.

To me ke sa hanyar jini ta toshe ko ta fashe? Nan ne nake so ku ba ni kunnuwanku, don amsar ba daga Turai aka kawo mana ita ba, a nan garin aka jagoranci bincikenta. Akwai wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan da asibitin UCH yake cikin shugabanninsa. An yi shi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, don haka akwai 'yan'uwanmu a cikin waɗanda aka duba. Sun ɗauki mutum sama da 2,000 da ciwon ya kama, suka gwada su da wasu masu lafiya sa'o'insu, suka fitar da sakamako a 2018. Sun samu cewa kusan kashi biyu cikin uku toshewa ce, kashi ɗaya cikin uku fashewa. Matsakaicin shekarun majinyatan 59, kuma kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba. Ku duba ɗakin nan ku ga mu nawa ne muka faɗa cikin wannan lissafi.

Sun lissafa abubuwa goma sha ɗaya da suke jawo ciwon, amma ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, shi ne hawan jini. A lissafinsu, in da za a kawar da hawan jini daga cikin jama'a, kusan tara cikin goma na wannan ciwo da ba su auku ba. Tara cikin goma, jama'a.

Mu 'yan goro mun san sankara. Za ka ɗauki goro fari tas, ba tabo, ka ce wannan na kai wa surukai ne, kana ɓarawa ka tarar tsutsa ta gama da cikinsa. Haka hawan jini yake. Mu a tunaninmu mai hawan jini shi ne mai ciwon kai, mai jiri, mai saurin fushi. Alhali kuwa yawancin masu shi ba su jin komai. Jinin yana ta bugun bangon hanyoyin da ƙarfin da ya wuce kima, shekara biyar, shekara goma, bangon yana kauri yana taurarewa, wani wajen kuma yana rauni, har ranar da zai toshe ko ya ɓalle. Mu sai mu ce ciwon ya zo farat ɗaya. Bai zo farat ɗaya ba, ranar ce kawai aka ɓara goron.

Ba a gane shi da ido, ba a gane shi da jin jiki, sai da awo. Awon lafiyayyen babba yana wajen 120 bisa 80. In an auna ka a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, to kana da shi. Kuma ga inda maigidana ya yi kuskure, inda ni ma da na yi in ba don na ga ishara ba: maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da za ka sha na kwana uku ka warke. Riƙe jinin yake yi, ran da ka saki ya koma inda yake. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne, alama ce maganin yana aiki.

Na san dalilan da suke sa mu dainawa, don na zauna da mutane. Wani kuɗi ne. Wani ya ce ba ya so jikinsa ya saba da ƙwaya. Wani da azumi ya kama sai ya ajiye har bayan salla, alhali da ya tambayi likita da an mayar masa da shi lokacin sahur ko buɗa-baki, don da yawansu sau ɗaya ake sha a yini. Akwai kuma dalilin da ba a faɗa a taro, iyayenmu mata ku yi mini afuwa. Wasu mazan sun ce maganin yana rage musu ƙarfi a wajen iyali. Gaskiya ne wasu irin suna yin haka ga wasu mutane. Amma magungunan iri-iri ne, ka cire kunya ka gaya wa likita ya canza maka. Shi kansa hawan jinin da ciwon suga in an bar su suna kashe wannan ƙarfin. Kada ka ajiye na likita ka koma wa na kwalba da ake yawo da shi a tasha, wanda ko mai sayarwa bai iya gaya maka abin da aka zuba a ciki ba. Haka nan haɗin maganin ciwon jiki da muke aika yara su karɓo a kemis kullum dare bayan mun gaji, akwai irin su diklofenak da ibufurofen a ciki, waɗanda yawan shansu yana ɗaga jini yana kuma taɓa ƙoda.

Sai maganar gishiri, kuma nan ma zan ɗan daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke cikin abinci. Yanzu mu yi lissafi irin namu na kasuwa. An sa gishiri a miya, an jefa magi uku ko huɗu, wanda shi ma yawancinsa gishiri ne. An kawo maka ka barbaɗa yaji, shi ma da gishiri da magi a ciki. Da dare ka tsaya wajen mai tsire ko ka ɓalli kilishi. Da safe burodi da taliyar yara da ɗan ƙullin garin da ke cikin ledarta. Ga kanwa da muke jefawa a wake da miyar kuɓewa da kunu, ita ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Kun ga kafin azahar mun cinye rabon yini biyu. Ni a gidana ba a hana gishiri ba, amma an rage, an koma wa daddawa da tafarnuwa da citta da albasa, kuma an ɗauke gishiri daga kan tabarma. Makon farko na yi ta mita, uwargida tana ji. Bayan wata guda harshe ya saba, yanzu in na ci abinci a waje sai in ji kamar an kifar da buhun gishiri a ciki.

Binciken nan ya kuma samu cewa masu cin nama a kai a kai sun fi shiga haɗari, masu cin ganye kullum kuma sun fi tsira. Wannan ya taɓa mu, don a wajenmu alamar buɗi ita ce nama: balangu da rana, tsire da dare, farfesun kayan ciki ran Juma'a, ganye kuwa sai a ce abincin marasa hali ne. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga alayyahu, ga lalo wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ewedu suna sha kullum, duk ga su nan a Bodija da arha. Ban ce a bar nama ba, kada mahauta su tare ni a hanya. Na ce dai a mayar da shi baƙo a kwano, ganye ya zama ɗan gida.

Daga nan sai tumbi. Mutum in ya fara ajiye teɓa sai mu ce Alhaji ya samu kwanciyar hankali. Likitoci kuwa kitsen ciki shi suka fi tsoro, don shi ke tafiya da hawan jini da suga da kitsen da ke liƙewa a hanyoyin jini. Iyayenmu fatake da ƙafa suka riƙa zuwa Gwanja. Mu kuwa daga shimfiɗa sai rumfa, mu zauna tun hantsi har magariba, yaro ya kawo abinci, yaro ya kai kuɗi banki, ko masallacin Juma'a sai an hau okada. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ita ake nema, ba wai sai ka sa gajeren wando ka shiga fili ba.

Ciwon suga shi ma yana cin hanyoyin jini a ɓoye, kuma shi ma da awo ake gane shi. A nan sai mu tuna da mai shayi: cokali huɗu na sukari, madarar gwangwani mai zaƙi, safe da dare, ga lemon kwalba a kan kowane abinci. Kitsen jini kuma, wanda suke kira kolestarol, ba sai mai ƙiba ba, siriri ma yana iya samunsa. Taba sigari da shisha da samarinmu suka ɗauka ado, suna lalata bangon hanyoyin jini suna sa jini saurin daskarewa. Giya ba sai na tsaya a kanta ba a wannan majalisa.

Na ga wasu suna murmushi, suna jira su ji ko zan ambaci goro. Zan ambata, ko da zai taɓa cinikina. Goro ba ya cikin abubuwa goma sha ɗayan nan. Amma yana da sinadarin da ke cikin kofi, yana ɗan ɗaga jini na wani lokaci, yana kuma hana barci. Wanda jininsa ya hau bai kamata ya yini yana tauna ba. Ni da nake cin biyar, yanzu ɓari ɗaya nake yi da safe. Ku saya ku kai biki, ku saya ku aika gida, ba sai kun cinye da kanku ba.

Damuwa kuwa tana cikin lissafin. Kuma wa ya kai ɗan Sabo damuwa? Kaya suna hanya kwana huɗu ba ka san halin da suke ciki ba, bashi yana hannun mutane, ga iyali a nan ga iyali a gida kowa kai yake kallo, ga zaman baƙunta da in an yi 'yar hayaniya a gari sai gabanka ya faɗi. Ba ni da maganin wannan. Abin da na lura dai shi ne mai damuwa shi ne mai rashin barci, shi ne mai ƙara taba da goro, shi ne kuma mai mantawa da magani.

Iyayenmu mata, akwai naku na musamman. Hawan jini na lokacin ciki, wanda ke kawo kumburin ƙafa da fuska har ya kai ga jijjiga, yana iya jawo wannan ciwo a lokacin goyon ciki ko cikin jego, kuma wadda ta taɓa yinsa tana buƙatar a riƙa auna ta ko bayan ta gama haihuwa. Don haka zuwa awo ba gayu ba ne. Kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kuma, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawansa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. A sassauta hannu. Sannan yaranmu masu sikila, wato amosanin jini, su ma ciwon nan yana kama su tun suna ƙanana, kusan ɗaya cikin goma kafin su kai shekara ashirin in ba a ɗauki mataki ba. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a kan yaro ta nuna wanda ke cikin haɗari, akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya da aka gwada a Kano aka ga amfaninsa wajen kare su. Mai irin wannan yaro ya tambaya a asibitin da yake kai shi.

Akwai kuma ciwon zuciya, musamman wadda bugunta ba ya tafiya daidai, tana yi tana tsalle. Jini yana taruwa a cikinta ya dunƙule, gudan ya tashi ya je ya toshe hanya a ka. In kana jin zuciyarka tana irin wannan, kada ka ce faɗuwar gaba ce kawai.

Abin da ba mu da iko a kansa shi ne shekaru da gado. Daga shekara 55, kowace shekara goma haɗarin yana ninkawa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya yi, shi ma ya sa ido. Sau nawa muke jin an ce gidan su wane ana yi musu jifa, uba ya faɗi, wa ya faɗi, ƙane ya faɗi? A je a auna gidan nan tukuna. Ban zo in yi jayayya da kowa a kan iska ko sammu ba, malamai suna zaune, su ne masu wannan fage. Addu'a kuma ba a bar ta ba, a asibitin ma muna yi. Abin da na gani da idona shi ne kwana ukun da muka yi muna neman wanda ya yi wa maigidana asiri, abin da ya kayar da shi yana cikin leda a jakar uwargida.

Wani abu kuma da ya gaya mini daga baya, da hannu da 'yan kalmomin da suka rage masa: kamar wata guda kafin ya faɗi, hannun nan ya taɓa mutuwa yana alwala, na 'yan mintoci, ya dawo. Ya ce kwanciya ya yi a kansa. Likita ya ce wannan shi ne ɗan aike, hanyar ce ta toshe ta buɗe, kuma wanda ya ga haka ya je asibiti a ranar, ba gobe ba.

In kuwa abin ya auku a gabanku, kun ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, ko gani ya ɗauke, ku duba agogo ku riƙe lokacin, ku nemi mota zuwa babban asibiti inda ake hoton ƙwaƙwalwa. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi ake ba da shi. Kada a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu ko kunu, don maƙogwaron ma yakan shanye, abin sai ya wuce huhu. Abin da ya sarƙe numfashin maigidana ke nan, mu muka yi masa da hannunmu. Kada kuma a ba shi asfirin kafin hoto, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ɗaya. Na'urar awon jini ta batir ba ta kai kuɗin ragon suna ba. Ina ba da shawara ƙungiya ta sayi biyu, ɗaya ta maza a ofis, ɗaya a hannun shugabar mata, a samu littafi a riƙa rubuta sunan kowa da awonsa duk Juma'a bayan an sauko, wanda nasa ya hau a haɗa shi da yaro ya raka shi asibiti. Cikin 'ya'yanmu akwai masu karatun aikin jinya, za su nuna mana yadda ake ɗaurawa. Ni na ɗauki nauyin ta matan. Tawa ta gida kuma ga ta nan na zo da ita, duk mai so ya tsaya bayan an shafa fatiha, amma ya zauna ya huta minti biyar tukuna, kuma wanda ya san yanzu ya tofar da goro ya jira rabin awa.